Ya Ce In Bar Ta

Litinin, 3 ga wata, 6:40 na safe

Littafin awon kwastomomi ne wannan, amma tunda keken ɗinkin ya kwana uku a rufe, bari in ci bayansa. Idan ban rubuta ba zan faɗa wa wani, idan kuwa na faɗa za a ce Tela ta fara.

Shekara talatin da huɗu ina gidan mutumin nan. Ranar Juma'a da aka sa shi a mota za a kai shi asibiti, Autarmu na rungume da jakarsa, ni ina tsaye da filo a hannu, sai ya yafito ni. Na sunkuya. Na ɗauka zai ce in kula da kaina, ko in yafe masa wani abu, ko dai wata magana irin ta mutane. Sai ya nuna baranda da haɓa ya ce, "Tsohuwa... ki bar ta." Tari ya kwashe sauran maganar, direba ya ja mota.

Ki bar ta! Wato ni ban isa in ba fulawa ruwa ba. Ni da na raini 'ya'ya huɗu, babu wanda ya bushe a hannuna.

Tsohuwa dai wardi ce, ga duk mai bin diddigin da zai buɗe littafin nan. Tukwane tara ne jere a barandarmu, ita ce babbarsu, a tukunyar ƙasa mai tsaga a baki. Shekararta goma sha tara. Ya sayo ta a makon da ya bar shan taba, wai hannunsa na neman abin yi. Furenta ja ne mai duhu, ƙamshinsa har ɗakin ɗinki yake zuwa. Kwana biyu kafin tafiyar ya zauna a kujerarsa yana jan numfashi da ƙyar, ya aske ta tas da almakashi, ya bar sanduna huɗu tsirara, ko ganye ɗaya babu. Sannan ya ce in bar ta.

To ban bari ba. Yanzun nan na juye mata buta guda, da yamma ma zan ƙara. Zai dawo ya same ta da fure, in ga bakin da zai yi magana da shi.

Talata, 4 ga wata, 6:10 na yamma

Na dawo daga asibiti. Awa ɗaya suke ba mutum, ita ma sai wata nas mai siririn gira ta cinye minti goma tana faɗan an kawo kaya da yawa.

Sun ɗaura masa robar iskar numfashin nan a hanci da baki. Ina zama ya janye ta gefe. Bai ce ya gida ba, bai ce kin ci abinci ba. "Kin bar ta?"

Na ce, "Na bar ta."

Ya gyaɗa kai ya mayar da robar, hankalinsa kwance. Wallahi da ya yi tambayar da daɗin baki da na faɗi gaskiya. Amma sai ka ce mai tambayar yaro ko ya taɓa ashana. Ban tambaye shi dalili ba, ba kuma zan tambaya ba.

Duk wanda ya kira sai in ce da sauƙi. Yau na ce da sauƙi ya fi sau ashirin.

Laraba, 5 ga wata, 7:00 na safe

Shekara goma sha tara ruwan tukunyar nan na tsiyaya ta ƙasa yana ɓata min tayil, ya bar zobe ruwan ƙasa wanda ko soson ƙarfe ba ya fitarwa. Duk sanda na ce a sa wani abu a ƙarƙashi sai ya ce, "Tela, ki tsaya a kan zarenki." Yau na ɗauko babban faranti mai zurfi daga kicin na tura ƙarƙashinta. Ɗigo ɗaya bai taɓa tayil ba. Abin da ya gagari injiniya mai ritaya, minti biyu ya ɗauke ni.

Alhamis, 6 ga wata, 2:30 na rana

Yayarsa ta iso da akwati biyu, wai kwana biyu za ta yi. Mai kwana biyu ba ya zuwa da bargonsa da fulas ɗin shayinsa.

Tun kafin ta cire takalmi Auta ta ba ta labarin maganar bakin mota. Yaya ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo ɗan uwana. Idan mutum ya fara sakin abin da yake so, ai..."

Na ce, "Ai me, Yaya?"

Ta sunkuya tana cire takalmi.

Na ce, "Ba saki ya yi ba, raini ne. Gani yake ban iya ba. Ƙaninki ne, kin fi ni sanin halinsa."

Ta ce Allah ya ba ni haƙuri. Na ce amin, ya ba mu baki ɗaya.

Asabar, 8 ga wata, 5:50 na yamma

Gidan nan ya koma tasha. Mara lafiya na asibiti, amma nan ake zuwa duba shi. Su zauna a baranda, su sha, su ci, su yi hirar farashin siminti, sannan su tuna abin da ya kawo su su sassauta murya su ce ya mai jiki. Wani abokin aikinsa na da ya ja tukunyar wardi mai ruwan ɗorawa da ƙafa don ya miƙe. Da ƙafa! Wata kuma ta shanya jiƙaƙƙen hankici a kan sandar Tsohuwa. Na cire na miƙa mata, ta kuwa karanta a fuskata, don ba ta ƙara minti biyar ba.

A wani lokacin har tsokanarsa nake, in ce fulawar nan ba a ci ba a sha. Yau ga ni ina gadinta kamar wadda aka ɗauka aiki.

Safe da yamma, buta guda. Ban tsallake ko sau ɗaya ba.

Litinin, 10 ga wata, 6:30 na safe

Ta tsiro! Toho biyar, jajaye, ƙanana. Na ƙirga sau uku. Na kira Auta tana sauri za ta aiki, ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu tana kallo, idonta ya ciko. Na ce kar ta soma min da sassafe.

To Malam, ga wadda ka ce in bari. Na so in ɗauki hoto in kai masa, sai na tuna na ce masa na bar ta. Ba komai. Fure zai yi magana.

Laraba, 12 ga wata, 4:00 na yamma

Da sauƙi, da sauƙi. Wanda ya ƙago maganar nan bai taɓa zama a bencin asibiti ba.

Alhamis, 13 ga wata, 6:45 na safe

Tohon sun sunkuyar da kai. Biyu sun yi baƙi a baki. Ƙishi ne, me kuma zai zama? Rana ta fara dukan barandar tun ƙarfe tara. Na ƙara rabin buta a kan na kullum. Na buɗe gwangwanin takinsa, mai fararen ƙwayoyi, na barbaɗa cikin tafi ɗaya. Ya rubuta wasu lambobi a jikin murfin da wannan rubutun nasa na tsutsa, ko shi ba na jin yana iya karantawa.

Jiya sun sake ɗaukar hoton ƙirjinsa. Na uku ke nan. Ban san abin da suke nema wanda ba su gani a biyun farko ba, kuma babu mai faɗa maka. Ba zan yi maganar asibiti a littafin nan ba.

Juma'a, 14 ga wata, 3:20 na rana

Yaya ta same ni ina wanke kofuna, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza hannu. Wai tana ganin a kwashe tukwanen a kai bayan gida, a samu wurin jera kujeru. "Kin san mutane za su ƙaru."

Na ce, "Ƙaruwar me?"

"A'a, ina nufin, masu dubiya."

Na ajiye kofin a hankali don kar in fasa. Na ce, "Yaya, girmanki nake gani. Tukwanen nan inda mai su ya ajiye su, nan zai dawo ya same su. Wanda bai samu kujera ba ya tsaya, wanda ba zai iya tsayuwa ba ga hanya nan." Ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. Ina jin ta tana waya ƙasa ƙasa, na san ni ake karantawa. A karanta.

Asabar, 15 ga wata, 8:15 na safe

Na kama ta! Na fito daga wanka, sai ga Yaya a sunkuye kan Tsohuwa tana juye mata ragowar shayin fulas. Da madara, da sukari!

Na ce, "Yaya, me nake gani haka?"

Ko kunya. Ta ce tun ranar da ta zo take yi, safe da rana, wai ta ji ana cewa ganyen shayi na gyara shuka. Sai kuma ta ce, "Ba sa bari in yi masa komai a can. Ko ruwa ba sa bari in ba shi."

Hayaniyar ce ta fito da Auta. Ina cikin faɗa sai na ga ta sunkuyar da kai irin na marasa gaskiya. Na ce, "Ke ma?" Ta ce kullum kafin ta fita aiki, jug ɗaya, tana jin kamar babanta take gaisarwa. Kafin in rufe baki matar maƙwabci ta leƙo ta katanga, ashe tana ji, ta ce ita dai sai in mun tafi asibiti take shigowa ta ɗan yayyafa, don kar a ce ba ta yi komai ba.

Mutum huɗu a kan tukunya ɗaya! Na ce daga yau duk wanda ya taɓa ta, ni da shi ne. Sun lalata min aiki da shayinsu da jug ɗinsu. Tohon duka biyar sun yi baƙi, sanda ɗaya ta fara yamushewa daga sama.

Lahadi, 16 ga wata, 1:40 na rana

Na je har bakin shataletale na ɗauko mai fulawar da Malam ke sayen ƙasa a wurinsa. Dattijo ne mai ƙaramin gemu, hannunsa duk tabon ƙaya. A hanya na zayyana masa laifin kowa, shayi da jug da yayyafi. Yana ta cewa to, to.

Da muka iso bai ko kalli sandunan ba. Ya tsuguna ya tura yatsa a ƙasar, ya fito da shi yana ɗiga. Ya rungumi tukunyar ya ɗaga. Farantin cike yake taf da wani ruwa baƙi, warin da ya taso sai da Yaya ta toshe hanci da mayafi.

Ya ce, "Wa ya sa faranti?"

Auta ta kalli sama.

Na ce, "Tayil yake ɓatawa."

Ya ce, "Hajiya, ramin ƙasan tukunya ai hancinta ne. An toshe mata hanci ana ɗura mata ruwa." Ya kwantar da tukunyar ya zaro ta gaba ɗaya. Saiwoyin da ya kamata su zama farare sun yi baƙi, ya ja ɗaya da yatsa biyu ta saɓule. Ya tsinci ƙwayoyin takin da ba su narke ba ya kalle ni, bai dai tona ni ba, Allah ya saka masa.

Sai ya ce, "Mai ita bai bar sallahu ba? Shi ya san ta."

Na ce, "Cewa ya yi in bar ta."

Ya ce, "To ai ya gama magana. Wardi da ganye take shan ruwa. Ya aske ta, ya ƙosar da ita da ruwa kafin ya tafi, ba ta da ganye ko ɗaya, da me za ta sha? Mako biyu take so ba a kula ta ba. Idan ganye ya fito sai a fara ba ta kaɗan kaɗan."

Na ce amma ai ta yi toho. Ya ce da ƙarfin da ya rage a jikinta ta yi, saiwar na ruɓewa a ƙasa. Da suka langaɓe ba ƙishi ba ne, nutsewa take.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A gaban Yaya!

Ya datse duk ruɓaɓɓen, abin da ya rage bai kai rabi ba. Ya wanke tukunyar, ya jera fasassun kasko a ƙasa, ya haɗa sabuwar ƙasa da yashi da garin gawayi, ya mayar da ita, ya zuba ruwa kofi ɗaya don ƙasar ta zauna. Ya ja ta inuwa, ya ɗora ta a kan bulo biyu. Ya ce kar a ƙara ba ta sai an tura yatsa gaɓa biyu an ji a bushe. Na ce za ta rayu? Ya ce, "Rabi da rabi. Idan ta rayu, fure sai nan da wata biyu." Farantin kuwa da kansa ya miƙo min.

Litinin, 17 ga wata, 6:20 na safe

Na kwana da abin a raina, kuma na gano mai laifi. Shi ne. Mutum ya yi shekara talatin da huɗu yana magana rabi rabi, sai ka bi shi da tsinke kana tono. "Ki bar ta mako biyu, ba ta da ganye." Kalma nawa ce? Da ya faɗa ranar da yake askin, ina zaune a gefensa ina tsinke zare, da me zai ragu a jikinsa? Shekara goma sha tara bai taɓa cewa zo ki ga yadda ake yi ba. Sau ɗaya ya ɗauki almakashin ɗinkina ya yanka reshe, na yi masa tas, tun daga nan ya ja layi, nasa nasa, nawa nawa.

To shi ne mai laifi.

Ni ce na sa farantin.

Laraba, 19 ga wata, 5:30 na yamma

Likita ya kira mu ofishinsa, ni da Auta da Yaya. Ya ce mu zauna. Ya rufe ƙofa.

Labulen ofishin nan, duk wanda ya ɗinka shi bai ji tsoron Allah ba. Kalmasar ƙasa ta fi faɗi a hagu da kusan inci biyu, zaren fari a kan shuɗin yadi, ga wani wuri da keke ya yi tsalle ba a koma an gyara ba. Babban asibiti kamar wannan. Na zauna ina kallonsa tun daga farko har ƙarshe. Auta ce ta yi tambayoyi. Yaya ta riƙe hannuna, na bar mata.

Da muka fito wata ta tare mu a baranda ta ce ya mai jiki. Yau ban ce da sauƙi ba. Auta ta ce mata mun gode.

Alhamis, 20 ga wata, 6:30 na safe

Ban ba ta ruwa ba.

Juma'a, 21 ga wata, 6:05 na yamma

Auta ta dawo daga aiki da dabara. Wai ta biya ta wurin mai fulawa, akwai wata ja mai duhu, girmansu ɗaya, har da fure uku. A juye ta a tukunyar Tsohuwa, Baba ba zai gane ba.

Na ce, "Ubanki? Mutumin da ke gane an matsar da tukunya da yatsa ɗaya?"

Ta ce, "Umma, so nake ya ga fure."

Na ce ni ma ba ƙaya nake so ya gani ba. Amma na yi masa ƙarya sau ɗaya a bakin gado, ga inda ta kai mu. Ba zan dasa masa wata a tukunya ba. Ta ce taurin kaina ne ya kashe ta tun farko. 'Yar da na haifa! Na ce ba ta mutu ba tukuna, ta iya bakinta. Ta shige ɗaki tana kuka, ni ma na shiga ɗakin ɗinki na zauna a gaban rufaffen keke.

Daga baya ta kawo min shayi ta ajiye. Na sha.

Asabar, 22 ga wata, 6:30 na safe

Na sa yatsa. Da danshi. Ban ba ta ruwa ba. Na ɓoye butar a bayan firiji don hannuna ƙaiƙayi yake.

Ban taɓa sanin rashin yin komai aiki ne mai wuya haka ba.

Litinin, 24 ga wata, 6:15 na yamma

Ya rame har agogonsa na yawo a hannu. Nas mai siririn gira yau ba ta yi faɗan kaya ba, har kujera ta jawo min. Na fi son ta da faɗanta.

Ya janye robar. "Kin bar ta?"

Na ce, "Na bar ta." Yau gaskiya ce, kuma ta fi ƙaryar ɗaci.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Gida nake so, Tela." Na ce sai likita ya yarda. Ya ce likita ya riga ya yarda, tun Laraba. Ashe ya sani. Ashe kowa ya san kowa ya sani, ni kaɗai aka bari ina ta da sauƙi a waya.

Talata, 25 ga wata, 6:40 na safe

Gaɓa biyu a bushe. Kofi ɗaya, a hankali, a gefe gefe. Ruwan ya fito ta ƙasa ya ɓata tayil. Ya ɓata.

Laraba, 26 ga wata, 7:10 na safe

Alhamdu lillahi! Wani tsiro ya ɓullo daga gindinta, daf da ƙasa. Kore shar, mai kauri, a miƙe. Sandunan huɗu suna nan kamar itacen wuta, amma wannan da ransa. Na kira Yaya, na kira Auta, muka tsaya mu uku a kansa hannuwanmu a baya, kowa na tsaron kowa.

Yaya ta ce, "Ko ɗan..." Na ce, "Yaya." Ta ce ba ta ce komai ba.

Juma'a, 28 ga wata, 4:45 na yamma

An kawo gado mai ɗagawa da doguwar tukunyar iska. Masu kawowa suka nufi ɗakin kwana, na ce a'a, falo, jikin tagar da ke kallon baranda. Suka ce wurin ya matse. Na ce su fitar da kujerun. Yaya da kanta ta kama ƙafar kujera ɗaya.

Tsiron ya kai tsawon yatsana, har da ganye.

Asabar, 29 ga wata, 5:00 na yamma

Ya dawo. Hanya ta gajiyar da shi, barci yake. Na ja labule. Gobe.

Lahadi, 30 ga wata, 11:30 na safe

Da hantsi ya ce a fitar da shi. Auta ta turo kujerar mai taya, Yaya na biye da igiyar robar kar ta harɗe. Ya bi tukwane takwas da ido ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya tsaya a kanta. Ya kalli bulo biyun, ya kalli sabuwar ƙasa, ya kalli inuwar da aka ja ta.

Ya ce, "Tela. Kin ba ta ruwa."

Na ce, "Na ba ta."

"Sau nawa?"

"Ni sau biyu a rana. Auta jug ɗaya. Maƙwabciya yayyafi. Yaya shayi."

"Shayi?"

Yaya ta ce, "Da madara."

Ya yi dariya har tari ya turnuƙe shi, Auta ta ruɗe tana murɗa kan tukunyar iska. Da ya lafa na faɗa masa na faranti da na taki, don kar ya ji a bakin wani. Na ce kuma laifinsa ne, da ya ƙarasa maganarsa. Ya ce, "Da kin tambaya." Na ce da ya koya min. Ya ce, "Haka ne." Shekara talatin da huɗu ban taɓa jin haka ne a bakinsa ba.

Na nuna masa tsiron, na ce amma ga shi ta farfaɗo. Ya sa aka matso da shi. Ya leƙa. Ya ce, "Wannan ba ita ba ce."

Na ce kamar yaya ba ita ba?

Ya nuna wani ƙulli a gindin, sama da ƙasa kaɗan. Ya ce Tsohuwa 'yar aure ce, an ɗaura jan wardi a kan saiwar wardin daji. Duk abin da ya fito sama da ƙullin, ita ce. Wanda ya fito ƙasa da shi na daji ne, ƙaya zalla, kuma idan aka bar shi zai shanye ƙarfin saiwar ya kashe ta. "Fizge shi. Kar ki yanka, zai dawo. Daga tushe."

Na ce ba zan iya ba. Kwana huɗu ina gaishe shi da safe. Shi kaɗai ne kore a tukunyar nan.

Ya ce, "Fizge."

Na tona da yatsa na kama na fizge. Raina ya ɓaci ƙwarai, na jefar da shi tsakar gida.

Ya ce in kankare bawon sandunan da farce, kaɗan. Ta farko ruwan ƙasa. Ta biyu haka. Ta uku ma ta bushe har ciki. A ta huɗu sai da na yi sau biyu. Kore ne a ƙarƙashi, da ɗan danshi.

Ya jingina ya rufe ido. Ya ce, "Tana nan. Ɗauko littafinki."

Ga abin da ya ce, yana yi yana hutawa, ni ina rubutawa a kan gwiwa.

Ɗaya. Busassun ukun a yanke su har ƙulli, da almakashinsa, yana cikin aljihun tebur.

Biyu. Yatsa kafin buta. Kullum.

Uku. Ruwa a ƙasa, ba a kan ganye ba, kuma da safe.

Huɗu. Babu taki sai ta yi ganye sosai. Lambobin jikin murfi, rabin cokali ne duk wata.

Biyar. Idan ganye ya fito a mayar da ita rana a hankali, ta safe take so.

Shida. Baɗi warhaka a kwashe ƙasar sama a zuba sabuwa. Bayan shekara biyu a zaro ta a rage saiwa.

A nan na ajiye biro. Na ce baɗi ai shi zai yi da kansa, ni tela ce, ina da aikina.

Ya ce, "Rubuta, Tela."

Auta ta tashi ta shiga ciki. Yaya ta bi ta.

Ya ce, "Bakwai. Furen farko, tun bai buɗe ba, ki yanke shi. Kar ki ji tausayi. Saiwar ba ta da ƙarfin ciyar da fure, idan kin bari zai kwashe mata komai."

Na ce, "Wannan kam a'a. Na farkon ba zan yanke ba sai ka gani."

Ya ce, "Yaushe mai fulawa ya ce za ta yi?"

Na ce, "Wata biyu."

Ya kalli sandar, ya daɗe. Sannan ya kalle ni.

Ya ce, "To ki yanke."

Na rubuta lamba bakwai, ga ta nan. Rubutawa kawai na yi, kuma na faɗa masa a fuskarsa ban yarda ba.